Darasi: Tsohon Katako a Kan Takarda

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Kaduna zuwa Zariya, daidai Rigachikun, da hantsin wata ranar hunturu, ba zai daɗe ba wata babbar mota mai bodin katako za ta gifta ta gabansa, ta sha lodin masara ko albasa, ta nufi Kawo. In direba ya ɗan taka birki, a dubi gefen motar da kyau. Shuɗin fenti ne a sama, amma ya koɗe ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari. Inda ya ɓamɓare sai ga kore ya leƙo, fentin farko ke nan, a ƙarƙashin koren kuma ga katakon tsirararsa, ya yi ruwan toka. Wajen da igiyar lodi take gogawa kullum babu fenti ko ɗis, sai santsi da ɗan sheƙi. Kowane kan ƙusa kuwa ya zubo da jan layi na tsatsa, kamar hawayen da ya bushe a kumatu.

Wannan kamar ce darasin nan zai koyar. Mutum ya ɗauki kwalin taliya da ya gama aiki, da ragowar fenti, da guntun kyandir, ya fitar da abin da mai kallo zai rantse katako ne da ya shekara ashirin a rana da ruwa, sai ya ɗaga ya ji ba nauyi.

Yara na son aikin, amma manya ne suka fi cin amfaninsa. A nan Rigachikun hedikwatar Cibiyar Malamai ta Ƙasa take, wato NTI, wadda aka kafa a 1976, shekarar da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta, aka wayi gari yara sun cika azuzuwa, malamai sun yi kaɗan. Akwai abin da ake nanata wa duk mai koyon malanta a ƙasar nan har gobe: in babu kayan koyarwa na saye, a haɗa na hannu da abin da ke kusa. Malamar da ke shirya wasan kwaikwayon ƙarshen zango tana buƙatar ƙyauren gidan ƙauye, ga shi ba ta da kuɗin kafinta. Mai ɗaukar hoto yana son bango mai fasali a bayan mutanensa. Mai sayar da turaren wuta ko yaji da za ta kai kaya filin baje koli na duniya na Kaduna, wanda shi ma a kan wannan titi yake, tana son allon suna da za ta sa a jaka ta hau A-daidaita-sahu da shi. Ga masu yi wa littafi bango, ga masu firam ɗin hoto da akwatin kyautar biki. Dukansu kwali ya ishe su, in sun san yadda za su bi da shi.

A fara da ido

Mafi yawan waɗanda aikin nan ya ba wa kunya, gaggawar ɗaukar burushi ce ta ja musu. Suna kankare fenti ko'ina daidai wa daida, sama da ƙasa, tsakiya da gefe, abin ya fito kamar ƙyanda. Tsufa ba haka yake kama katako ba. Yana da wuraren da yake fara ci, kuma kowane wuri da dalilinsa.

Rana ce ta farko. A cikin haskenta akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, shi ne ke ruguza sinadarin da masana ke kira liginin, wanda shi ne gam ɗin da ya riƙe zaruruwan itace, shi ne kuma ke ba shi launin ruwan ƙasa. In ya ruguje, ruwan sama ya wanke shi, sai a bar zaruruwan kaɗai a fuskar katakon, su yi toka-toka. Shi ya sa maɗaci ja da malaina fari, in suka daɗe a waje ba fenti, duk sai su dawo kusan launi ɗaya. Sannan jikin itace ba ƙarfi ɗaya ba ne. Layuka masu taushi sun fi saurin zaizayewa, masu tauri su tsaya, sai a ji kunya-kunya in an shafa, kamar gonar da aka yi wa huɗa da tsinke. Waɗannan layuka su ne za a riƙa kira jijiyar katako a darasin nan.

Na biyu shi ne kai-komon damina da hunturu, kuma Kaduna na da su duka biyu da ƙarfinsu. Ruwan da ke sauka a shekara ya haura milimita 1,000, mafi yawansa daga Yuli zuwa Satumba, sannan daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ta busar da komai ƙayau. Duk mai ƙofar katako ya san labarin: a watan Agusta sai an sa kafaɗa kafin ta rufu, a Janairu kuwa har ana hango tsakar gida ta tsakanin allunanta. Katako yana kumbura ya tsuke ta faɗinsa, amma tsawonsa da ƙyar yake motsi. Fentin da ya bushe ya yi tauri ba ya iya bin wannan numfashi, sai ya tsage, kuma tsagar tana bin tsawon allo. Ruwa ya shiga tsagar, ya ɗaga bakin fentin, ya ɓantare.

Har fuskar da ƙofa ke kallo tana da hannu a ciki. Hadarin ƙasar Hausa daga gabas yake tasowa, shi ya sa magina na dā suke ba bangon gabas kulawa ta musamman. Ƙyauren da ke kallon gabas feshi ne ke cin sa, wanda ke kallon yamma kuwa ranar la'asar ce ke koɗar da shi. Ƙasan kowace ƙofa, kamar taƙi ɗaya ko biyu daga dandamali, ya fi ko'ina wahala, don ruwan indararo yana dukan ƙasa ya fantsamo mata jan taɓo. Saman da ke ƙarƙashin inuwar kwano kuma sau da yawa fentinsa na nan kamar jiya aka shafa. Launuka ma ba su tsufa tare: ja mai haske da rawaya sun fi saurin gudu, shuɗi ya fi jurewa, kamar yadda ake gani a fastocin da suka yi watanni a jikin bango, duk sun koma shuɗi-shuɗi.

Na uku shi ne mutum. A dubi teburin mai shayi: inda yake yanka burodi ya yi rami, inda masu sha ke jingina gwiwar hannu ya yi baƙi ya yi santsi. Kusa da mariƙin ƙofa akwai maiƙon hannun shekaru. Rana da ruwa suna barin kaushi, hannu kuwa santsi yake bari, kuma wanda ya iya raba waɗannan biyun a kan kwali ya ci rabin aikin.

Don haka kafin a taɓa fenti, a fita a nemo katakon gaske a zauna a gabansa. Mazan aji suna da tashar mota da shagunan bakin titi da rumfunan 'yan katako, ko su leƙa Panteka inda tsofaffin ƙofofi da tagogi suke jingine. Matan aji ba sai sun fita ba, ga ƙofar ɗakin girki, ga kujera 'yar tsuguno, ga akwatin katakon da aka gada wurin kaka. In kayan wani ne, a nemi izni da ladabi: "Salamu alaikum, Baba, sannu da aiki. Don Allah ko zan ɗan ɗora takarda a jikin ƙyauren nan in kwafi zanen katakon? Aikin makaranta ne." Sai a ɗora farar takarda marar kauri, a kwantar da fensir ko gawayi a goga a hankali, jijiyar ta fito da kanta. Wanda ya taɓa sa kwabo a ƙarƙashin takarda ya goga da fensir yana yaro ya riga ya iya.

Hattara ɗaya a nan. A duba, a shafa, a kwafa, amma kada a kankare tsohon fentin mai ko a goge shi da samfefa. Irin wannan fenti sau da yawa yana ɗauke da dalma, ƙurarsa kuma guba ce, musamman ga ƙananan yara. Arewa ta san dalma tun 2010, lokacin da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Can daga duwatsun zinari ta fito, amma ta fenti ma dalma ce.

Waɗanda suka riga mu

Yaudarar ido da zanen katako tsohuwar sana'a ce. A Ingila ta ƙarni na 19 akwai masu fentin da aikinsu kawai shi ne su mayar da katako mai araha kamar mai tsada, da burushi da mataji. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Thomas Kershaw, da ya rayu daga 1819 zuwa 1898, ya koyi sana'ar a garin Bolton, ya kuma ci lambobin yabo a babban baje kolin Landan na 1851 da na Faris na 1855.

Hawan abin kan takarda kuwa yana da wata da shekara. Georges Braque ɗan Faransa ne, mahaifinsa da kakansa masu fentin gidaje, shi ma da ita ya fara kafin ya zama mashahurin mai zane. A watan Satumba na 1912 ya ga takardar manna wa bango mai zanen katako a wani shago a garin Avignon, ya saya, ya yayyanka, ya manna a kan farar takarda, ya ƙarasa hoton kwanon 'ya'yan itace da kofi da gawayi. Masana tarihin zane suna ɗaukar wannan aiki a matsayin mafarin zanen manna takarda na zamani, abokinsa Picasso ma ya bi sahu nan da nan. Bayan shekara 13, a 1925, wani Bajamushe mai suna Max Ernst yana wani masauki a bakin teku a Faransa, daɓen katakon ɗakin da ya sha wanki ya ɗauke masa hankali. Ya shimfiɗa takardu ya goga musu fensir, daidai abin da aka ce ɗalibi ya yi a jikin ƙyaure. A 1926 aka buga hotuna 34 da ya samar ta wannan hanya. Abin lura shi ne dabarun nan ba daga manyan makarantu suka fito ba, daga hannun masu fentin gida da wasan yara suka fito.

Kayan aiki

Kwali mai ƙarfi wanda bai taɓa jiƙewa ba. Fentin ruwa, irin na bango, kala biyu da fari da ɗan baƙi. Ragowar gindin bokiti da mai fenti zai iya bayarwa ta isa. Ba a buƙatar fentin mai, don yana jinkirin bushewa, yana sheƙi, wankinsa kuma sai da kananzir. Sai farin gam na kafintoci, guntun kyandir, burushin fenti ɗaya mai kyau da ɗaya da ya mutu ya yi buzu-buzu, tsohon burushin haƙori, samfefa mai laushi, katin banki da ya daina aiki, reza, rula, biron da tawadarsa ta ƙare, tsumma, gawayi, da jar ƙasa da aka tankaɗe da rariya. Sai kuma tsohon silifa, wanda amfaninsa zai zo yanzu.

Katako tukuna

Ƙa'idar aikin ita ce a bi tsarin da abin ya faru a gaske. Katako ne ya fara zuwa, fenti ya hau kansa, sannan shekaru suka ci fentin. Wanda ya shafa shuɗi ya zo yana ɗiga ruwan ƙasa a kai don ya nuna ɓamɓarewa ya juya tarihin, kuma ido yana ganewa ko da mai idon bai san dalili ba.

A yanki kwali mai tsawon santimita 30 da faɗin 20, a yi aiki a fuskar da ba rubutu. A lura da layukan cikin kwalin, a sa tsawon allunan ya bi su, don su ma za su taimaka wajen nuna jijiya. A yanke shawara tun yanzu ina ne sama, a sa alama a baya. Sai a raba shi alluna huɗu da rula da mataccen biro, a danna sosai har ya yi kwari amma kada ya huda. Kada faɗin allunan ya zo ɗaya, wani ya ɗan fi wani, kamar yadda kafintan ƙauye yake haɗa abin da ya samu.

Launin ƙasan yana da hanya biyu. Mai sauƙin ita ce a haɗa farin fenti da ɗigon baƙi da ɗan jar ƙasa har ya yi ruwan toka mai ɗumi. Ta biyun ta fi jan lokaci, amma mai wannan darasi ya fi son ta, don launinta ya fi na fenti rai, kuma ilminta na gida ne. Majema sun daɗe suna jima da bagaruwa, dukawa kuma suna samun baƙin rini na kuloko daga ƙarfe. Sirrin shi ne ɗacin da ke cikin bagaruwa, wanda akwai irinsa a ganyen shayi, in ya haɗu da ruwan ƙarfe sai ya yi duhu. Shi ne dalilin baƙin tabon da ke kewaye tsohuwar ƙusa a jikin katako. A jiƙa ɗan soson ƙarfe na wanke tukunya, irin mai yin tsatsa, a cikin ruwan khal na kwana biyu, a kwalbar da ba a rufe ta ruf ba don tana fitar da iska. A dafa shayi mai kauri ba madara ba sukari, ko a jiƙa dakakkiyar bagaruwa a tace, a shafa wa kwalin, ya bushe. Sannan a bi da ruwan ƙarfen, kaɗan-kaɗan. A gaban idon mutum kwalin zai juye daga ruwan ƙasa zuwa toka. In ruwan ƙarfen ya yi ƙarfi zai ba da baƙi ƙirin, don haka a gwada a kan guntu, a sirka da ruwa in da buƙata. In ya bushe a shafe shi da gam cokali ɗaya a ruwa cokali biyu, don fuskar takardar ta jure kankarar da ke tafe.

Yanzu jijiya. A yanko silifa kamar faɗin yatsa uku, a fitar masa da haƙora da reza, wasu manya wasu ƙanana, wasu a matse wasu da giɓi. Matajin kai ma yana yi, sai dai haƙoransa sun cika daidaito, layukansa su fito kamar na littafin rubutu. A haɗa fenti mai ɗan duhu fiye da na ƙasan da ɗan gam da ruwa, kaurinsa kamar na koko. A shafa wa allo ɗaya, a rufe maƙwabcinsa da takarda, a ja silifan daga sama har ƙasa a numfashi guda, hannu na ɗan rawa. In an zo inda ake son idon katako, wato gurbin da reshe ya fito, sai a danna babban yatsa a murza, sannan a sa layukan su kauce masa su sake haɗuwa, kamar yadda ruwan kogin Kaduna ke raba kansa a jikin dutse. Ido ɗaya ko biyu sun isa ga kwalin gaba ɗaya. Kowane allo a ja shi daban, don ba daga wuri ɗaya aka tsago su ba.

A bari ya bushe sarai. Da hunturu minti ashirin ya isa, a watan Agusta kuwa sai a haƙura har washegari.

Fenti da ɓarewarsa

A nan kyandir ke shigowa. Fentin ruwa ba ya kama kakin kyandir, duk inda aka goga shi fentin zai zauna ne kawai a sama yana jiran a taɓa shi ya tashi. Ke nan mai aikin ne ke zaɓar inda shekaru za su ci, kuma a nan ne zaman da ya yi gaban ƙyauren Baba zai yi masa rana. A goga kyandir da ƙarfi a bakin kowane allo, da ƙasan kwalin, da inda mariƙi zai kasance. A tsakiya a goga sama-sama yana bin jijiya. Saman kwalin a ƙyale shi kusan duka.

A shafa kala na farko, a ce kore, a bar shi ya bushe. A sake goga kyandir, wani wurin a kan na dā, wani wurin a gefensa. Sannan a shafa kala na biyu, shuɗi da aka kashe masa kaifi da fari da ɗigon ruwan toka, don babu tsohon fentin da ke riƙe da hasken ranar da aka buɗe gwangwaninsa. In ya bushe, a ɗauki katin banki a karkace shi a kankara daga sama zuwa ƙasa. Inda kyandir na biyu ne kaɗai kore zai fito, inda biyu suka haɗu katakon ne zai fito. Wannan shi ne lokacin da ya fi daɗi a aikin duka, kuma shi ne lokacin da hannu ke zarcewa. A riƙa tsayawa, a jingine kwalin a bango, a ja da baya taku biyar a duba. In rabin fentin ya tafi, to an kai iyaka.

Tsagewa kuma dabararta daban. A zaɓi allo ɗaya ko biyu kawai. Bayan kala na farko ya bushe, a shafa farin gam ba sirki, a jira har ya fara yin danƙo, in an taɓa yana kama yatsa amma bai bushe ba. Sai a ɗebo fenti a burushi a wuce sau ɗaya tak. Wanda ya koma ya gyara ya cakuɗa gam da fenti, ba abin da zai tsage. Fentin na sama yana rigan gam ɗin bushewa, gam ɗin yana motsi a ƙarƙashinsa, sai ya dare, kuma tsagar tana bin inda burushi ya bi, shi ya sa ake jan sa ta tsawon allo. Gam mai kauri yana ba da manyan tsaga, siriri kuma ƙanana. Wanda ba shi da gam ya jiƙa ƙaro, wanda malaman allo ke sa wa tawada, ya yi kauri, ya shafa ya bar shi ya bushe. Danshin fenti zai farkar da shi ya yi irin wannan aikin. Ƙaro ba baƙo ba ne a kasuwannin Arewa, Najeriya na cikin manyan masu samar da shi a duniya tare da Sudan da Chadi, daga jihohi irin su Borno da Yobe da Jigawa.

Akwai kuma mataccen burushin nan. A taɓa shi a farin fenti, a goge a tsumma har ya zama kamar babu komai, sannan a share fuskar kwalin da shi sama-sama. Shi ke ba da farin garin da ake gani a gefen motar nan ta bakin titi. Samfefa a bar ta sai ƙarshe, a bakin alluna kawai, da hannu marar nauyi, don takarda ce a ƙasa, in ta yi gashi ta tona asiri.

Ƙusa, tsatsa da ƙura

Ƙananan abubuwa ne ke sa mai kallo ya miƙa hannu ya taɓa. Ƙusoshi ba a warwatse suke ba, suna jere a layi biyu, ɗaya kusa da sama ɗaya kusa da ƙasa, daidai inda katakon gicciye yake a baya, bibbiyu a kowane allo. A danna kan biro ya yi ɗan rami, a ɗiga baƙi, a kewaye shi da duhu kaɗan. Sai a dama jar ƙasa da ruwa da ɗigon gam, a ɗiga a ƙarƙashin ƙusar, a ja ta ƙasa da ɗan yatsa har ta ɓace. Tsatsa ba ta hawa sama, ba ta tafiya gefe, amfanin alamar da aka sa a bayan kwali ke nan. Kuma ba kowace ƙusa ce ke zubarwa ba, wata tsawon yatsa, wata ɗan kaɗan, wata ko alama.

Kwarin da ke tsakanin alluna a bi shi da baƙin fenti mai ruwa-ruwa, a goge abin da ya hau baki. Ƙasan kwalin a shafa masa ruwan jar ƙasa, ya fi kauri a gindi yana raguwa in an hau. Sannan a tsoma burushin haƙori a ciki, a ja gashinsa da babban yatsa ya fantsama, feshin damina ke nan. Jar ƙasar Rigachikun da aka ɗebo a bakin ƙofa ta fi kowane fentin kanti dacewa a nan, tunda ita ce dai ke jikin ƙofofin gaske. Wajen mariƙi a murza garin gawayi da yatsa, a bi da ɗan kyandir, a goge da tsumma har ya yi sheƙin hannu.

Saura abu biyu da kan ɓata aiki mai kyau a ƙarshe. Na farko bakin kwali: ramukan cikinsa suna bayyana shi daga nesa, don haka a naɗe shi da siririyar takarda mai gam a shafa mata ruwan toka. Na biyu lanƙwasa. Kwalin da aka jiƙa ta fuska ɗaya dole ya karkace, maganinsa a shafa wa bayansa ruwan gam shi ma, in ya sha iska a sa shi tsakanin jaridu a ɗora katifa ko manyan littattafai ya kwana. Kada a shafa masa banish mai sheƙi da sunan kariya. In bangon littafi ne da zai sha hannu, ruwan gam siriri sau ɗaya ya wadatar.

Aikin mako

Kowane ɗalibi ya nemo tsohon katako mai fenti guda ɗaya a unguwarsu, ya kwafo jijiyarsa a takarda, ya rubuta amsar tambayoyi biyar a littafinsa da jimloli cikakku: kala nawa ne a jikinsa, wanne ne a ƙasa, ina ne fentin ya fi tafiya, wace fuska yake kallo, ina hannu ke taɓawa. Sannan ya yi kwafinsa a kwali mai santimita 30 da 20. Wanda ke da niyyar sayarwa ya ƙara da lissafin abin da ya kashe da awowin da ya ɗauka, don ya san kuɗin da zai sa wa firam ɗaya.

Ranar aji za a jingine ayyukan duka a jikin bango, kowa ya koma ƙarshen ɗaki. Mai aikin ba zai ce komai ba. 'Yan aji ne za su faɗa, daga abin da suka gani kawai, ko ƙofar gabas ce ko ta yamma, ta wane gefe ake buɗe ta, da kuma ko akwai inuwar kwano a samanta. A zo da takardar da aka goga da guntayen gwaji, har da waɗanda suka lalace, don malami zai so ya ga inda gam ya ƙi tsagewa da inda samfefa ta cinye takarda.